Bambar da Ta Zo Gwaram

Gwaram,
Laraba, 20 ga Shawwal.

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Gwadabe da yara duka. Yaya Jalingo, yaya zafi, yaya ƙafar taki da kika ce ta riƙa kumbura da azumi? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan muna lafiya, an yi Salla lafiya. Jikata Khairiyya ta shiga aji ɗaya, har ta fara leƙa littafina tana cewa layina ya karkace. Uwarta Sa'adiyya ta haihu a gidan sabon mijinta a Kwandiko, an sami mace. Har yanzu ba a yi shuka ba. Kullum da yamma hadari sai ya haɗu ta wajen Farin Dutse, mu kwashe shanya, sai ya watse.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. Na ɗauki wayar sau uku ina ajiyewa. Ke in an kira ki sai ki buɗe murya kowa a tsakar gida ya ji, kuma wannan magana ba ta tsakar gida ba ce. Ba kuma wadda zan sa wani ya rubuta min ba ce. Don haka ki yi haƙuri da rubutuna, kin san sai da furfura ta fara fito min na zauna a ajin Malama Zahara'u. Yau kwana uku ina rubuta takardar nan, in na gaji in ajiye.

Maganar a kan motar Abdurra'uf ce. Kin tuna motar marigayi, ɗana na fari, jar nan mai ƙofa biyu da take manne da ƙasa kamar kwaɗo, wadda in ta shigo layinmu kaji suke watsewa. Tun da muka rasa shi, shekara huɗu ke nan, ƙaninsa Abdurra'uf ba shi da buri sai ya mallaki irinta. Ya yi ta tari a shagonsa na gyaran waya a Birnin Kudu har ya samo wata, baƙa, bara da kaka. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce ni dai in yi masa addu'a, shi ba gudu yake so ba, ƙamshin yayansa yake ji in ya shiga ciki. Motar ba ta hanyarmu ba ce. Kafin azumi ya faɗa wani rami tsakanin Birnin Kudu da nan, bambar gaba ta tsage, wato robar nan mai faɗi da ke ƙarƙashin fitilu. Ta bayan ma dama a ɗaure take da waya. Ya je Kano aka faɗa masa kuɗin sababbi, ya dawo bai saya ba. Sai ga shi wata rana yana murna, ya nuna min hoto a wayarsa, wai ya samu wani mai sayarwa a intanet, gaba da baya, sababbi fil, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin uku na Kano ba. Na tambaye shi ko ya san mutumin, ya ce Inna yanzu ba a sanin mutum, hoto ake gani a tura kuɗi a turo kaya. Na ce abin da ba ka taɓa da hannunka ba ta yaya za ka saya? Ya yi dariya ya ce ai ni ma da aka yi min aure ban taɓa ganin babansu ba.

Adireshin shagonsa ya ba su, ni shaida ce, a gabana ya rubuta. Ta bayan kuwa can aka kai masa. Amma ran Litinin ɗin makon jiya, da hantsi, ina tankaɗe, sai na ji sallama a ƙofar gida. Wani direba ne na motar Kano da ban taɓa gani ba, ya sauke wani dogon abu a naɗe da kwali da leda, ya jingine min a zaure. Na ce ba nan ba ne, Birnin Kudu za a kai. Ya ce shi dai ɗan kamasho a tasha ya ce masa gidan marigayi Malam Salihu a Gwaram, ƙofa mai koren fenti. Bai karɓi ko ruwa ba ya tafi. Da na kira Abdurra'uf ya yi mamaki, ya ce bai taɓa ambatar Gwaram ba, balle sunan babansu. Ya bincika a tasha daga baya, ɗan kamashon ya ce shi bai tuna wanda ya faɗa masa ba, kaya da yawa suke bi ta hannunsa. Abdurra'uf ya ce ba komai, an ma hutar da shi, ran Alhamis zai zo da Ɗanbala makanike su ɗaura a nan, don ran Asabar akwai bikin abokinsa a Fagam, shi ne zai ja gaban motocin ango.

Na yage kwalin don kada gara ta shiga. Abin toka-toka ne, an fesa masa irin fentin nan na fari da ake yi kafin a sa launi. Ban ga komai ba a ranar. Amma bayan azahar, lokacin da gari ya yi tsit, kowa ya shige inuwa, ina zaune a kan sallaya sai na ji wata ƙara daga zaure. Ƙas, ƙas, a hankali, da ɗan tazara. Barira, kin san in mota ta yi tafiya mai nisa aka kashe ta, yadda ƙarfenta yake wannan ƙarar yana hucewa? Haka motar marigayi take yi a rumfar gefen zaure duk ran da ya zo daga Kano. Da ita nake sanin ya iso tun kafin ya yi sallama, in tashi in ɗora ruwa. Wallahi sai da na miƙe na nufi murhu kafin na tuna. Na leƙa zauren, ba kowa, sai abin nan a jingine. Ina tsaye ƙarar ta ɗauke. Na ce wa kaina roba ce take jin zafin kwano. Washegari ma haka, lokaci ɗaya. Akuyata mai ciki, wadda kullum a zauren take kwanciya da rana, ta ƙi shiga, ta tsaya a rana tana haki tana kallon ƙofar.

Ran Talata da yamma na tarar da Khairiyya a tsugune a gaban abin, ta ajiye ƙosai biyu a kan takarda a ƙasa. Na tambaye ta na wane ne, ta ce na Abbanta. Na ce wannan kayan motar Baffanki ne. Ta girgiza kai ta ce a'a, na Abbanta ne, ta nuna min inda ta kankare fentin da farce. Ja ne a ƙarƙashi. Yarinyar nan shekararta biyu ubanta ya rasu, motar ma a hoto kawai ta san ta. Na kore ta cikin gida, na ce wa kaina jajayen motoci suna da yawa a duniya. Amma na kasa cin abinci. Da safe bayan ta tafi makaranta na kwantar da bambar a ƙasa, na zura hannuna ta ciki, ta ɓangaren hagu, cikin wani lungu a bayan ramin ƙaramar fitila. Ban duba ko'ina ba, nan hannuna ya nufa kai tsaye. Yatsuna suka taɓa tsumma. Na shafa ƙullin, na san shi. Yadda nake ƙulle bakin buhun gero ne, sau biyu, a soke bakin a ƙasa.

A nan ne zan faɗa miki abin da na ɓoye miki shekara huɗu, ke da kowa. Lokacin da marigayi ya ce zai zo wurinku sunan jikarki, ɗiyar Safiyatu, zuciyata ta ƙi kwanciya da tafiyar. Na ce ya bari in karɓo masa laya ya sa a mota, ya ce shi ba ya wannan, Allah ya ishe shi, kuma in ya gani zai cire. A lokacin watana shida a aji, na fara haɗa jimla. Sai na ce to ba sai na je wurin malami ba, ni ma zan rubuta roƙona da hannuna. Na yagi takarda daga littafin da shi ya saya min, na rubuta abin da na rubuta, na naɗe a leda, na naɗe ledar a wani yanki na zanen ankon bikin Safiyatu, shuɗin nan mai hoton makulli. Ran Juma'a ya tafi masallaci a ƙasa ya bar motar a rumfa. Na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa na durƙusa wajen tayar gaba ta hagu, na ɓanɓare robar da ke rufe wurin don in sami inda zan tura. Wasu 'yan maɓallan roba guda biyu suka karye, gefen bambar ya ɗan saki. Na tura ƙunshin, na yagi wani tsumman daga zanen, na ɗaure gefen da ya saki tamau, na tsince maɓallan na jefa a masai. Da ya dawo na zuba masa abinci ban ce komai ba. Ina tsoron ya yi min kallon nan nasa na dariya, ya kuma cire.

Ran Lahadi ya kama hanya. Sauran kin fi ni sani, tunda a gangaren kusa da garinku ne, kuma ku kuka yi masa sutura kafin magariba, ni ban ga ko fuskarsa ba. Amma akwai abin da Alhaji Gwadabe ya faɗa min a waya a daren, wataƙila ya manta. Ya ce masu sayar da doya a bakin titi sun ga wani abu ya saki daga gaban motar ya shige ƙarƙashin taya, sannan ta kife. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na ce haka, kuma gaskiya ne. Amma tun daga ranar ban ƙara taɓa wuƙar nan ba. Duk wanda ya zo gaisuwa ya yaba haƙurina, sai in ji kamar in buɗe baki in ce ba haƙuri ba ne.

To ga shi abin ya dawo zaurena, da ƙullina a jikinsa, kuma gobe za a ɗaura shi a motar ɗan da ya rage min. Na kira Abdurra'uf na ce na yi mummunan mafarki, ya fasa. Ya ce Inna ke kullum cikin mafarki kike, ya yi sadaka. Na ce abin ba sabo ba ne, an cuce shi, akwai jan fenti a ƙasa. Ya ce zai kira mai kayan. Ya kira, layin a kashe, har yau a kashe yake, hoton ma ya ɓace daga inda ya gan shi. Duk da haka ya ce in dai ta zauna daidai zai sa, ba zai shiga Fagam da mota baki a yage ba. Na gane ba abin da zai tsayar da shi sai gaskiya, ita kuma gaskiyar tana iya raba ni da shi. Yaron nan har yau rigar yayansa yake sawa ran Juma'a.

Ran Alhamis da hantsi suka iso. Ɗanbala ya shigo da akwatin kayan aikinsa yana tsokanata kamar yadda ya saba, wai Inna Hadijatu 'yar boko, yaushe za a ba ki kujerar kansila. Da suka zo ɗaukar bambar sai suka tarar na shimfiɗa tabarma na zauna, na ɗora ƙafafuna a kanta. Ɗanbala ya ce ko hayar zaure zan karɓa ne, ya ga ban yi dariya ba, ya ajiye akwatinsa ya ce bari ya je ya sha shayi a bakin titi. Na ce wa Abdurra'uf ya zauna. Na kama hannunsa na zura cikin lungun nan har ya taɓa tsumman, sannan na faɗa masa duk abin da na rubuta miki a sama, ban rage komai ba, har maɓallan da na jefa a masai. Ban kalle shi ba sai da na gama. Ya zare hannunsa daga nawa, ya tashi ya fita, ya bar takalminsa a bakin zaure.

Na zauna a wurin har azahar ta wuce. Ƙarar ta fara, a ƙarƙashin ƙafafuna wannan karon, ina jin ta har cikin ƙashina. Ban tashi ba. Na ce in ma kai ne, ga ni, na faɗa.

Sai bayan la'asar ya dawo tare da Ɗanbala, ƙafafunsa duk ƙasa, an ce a bayan makarantar firamare aka gan shi zaune. Suka fitar da bambar haske suka kifa ta. Ɗanbala ya daɗe yana bi da yatsa. Ya nuna mana inda ta tsage aka ɗinke da zafin ƙarfe aka shafe, doguwar tsaga, ta ɓangaren dama. Ya ce irin motar nan ba su kai goma ba a duk Arewa, kayansu yawo suke daga hannu zuwa hannu, masu sayen ɓaraguzan mota su sayar wa masu gyara, su kuma su fesa fenti su ce sabo ne, don haka kada in sa wa raina wani abu. Ya ce ƙunshin kuwa duk wanda ya gan shi ya ɗauka laya ce, kuma ba mai gyaran da zai sa hannu ya cire layar da bai san mai ita ba, shi ma ba zai cire ba. Sannan ya ja tsumman da na ɗaure gefen da shi. Yana nan daram, har da guntun robar da na haɗa shi da ita. Ya ce ɓangaren Inna bai saki ba, ɗaya gefen ne ya balle, kuma da makanikai suna ɗauri irin nawa da shi ya koma noma. Na tambaye shi ko sakin da hagu ta yi zai iya jan dama har ta balle. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani. Na tambaye shi wa ya faɗa wa ɗan kamasho sunan gidan nan. Ya ce wannan ba aikin makanike ba ne.

Abdurra'uf ne ya kwance ƙunshin da hannunsa. Ledar ta riƙe, ruwa bai shiga ba. Ya miƙo min takardar, na ce ya karanta, idona ba ya gani. Kin san ban taɓa kiran sunan marigayi da bakina ba tun da na haife shi, ɗan fari ne, haka muka taso. A takardar ƙunshin nan na fara rubuta shi, da manyan baƙaƙe irin na 'yan koyo. Layi biyu ne kawai. Na rubuta Allah ka tsare min Nu'uman, ka dawo min da shi gida. Abdurra'uf ya karanta, ya ninke ya sa min a tafin hannu. Ya ce wa Ɗanbala ya kwashe kayansa, ba za a ɗaura ba.

Ran Asabar a motar haya ya je Fagam, abokansa suna ta yi masa tsiya. Baƙar motar tana can Birnin Kudu a rufe da tamfol, ya ce sai ya tara na sabuwa ta gaske daga shagon da zai shiga da ƙafarsa. Har yau bai ce ya yafe min ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Kwana biyu bai kira ni ba. Ran Lahadi sai ga shi, ya ci tuwo ya ƙara, da zai tafi ya ajiye min sabon littafi da biro biyu a kan sallaya. A cikinsa na yagi takardun nan da kike karantawa.

Abu biyu nake roƙon ki. Na farko, ki karanta wa Alhaji takardar nan ku biyu kawai, ki tambaye shi in ya tuna wace taya ce masu doyar suka ce, ta hagu ko ta dama. Kada ya tausaya min, kada ke ma ki gyara amsar a hanya. Kowacce ce zan iya ɗauka yanzu, ba kamar da ba. Na biyu, bayan Babbar Salla ina nan zuwa, Abdurra'uf zai rako ni a motar haya. Ba zan shiga maƙabarta ba, amma ina so Alhaji ya tsaya da ni a bakin hanya ya nuna min wurin da yatsa, ko daga nesa ne.

Bambar tana ɗakin marigayi, na hana a ƙona. Tun ranar da aka cire takardar ba ta ƙara yin ƙara ba. Akuyar ta koma zaure, ta haihu a can jiya, 'ya'ya biyu. Khairiyya ta daina ajiye ƙosai, na tambaye ta dalili ta ce ai Abba ya tafi. Ya kamata in ji daɗi, Barira. Amma kullum bayan azahar, in gari ya yi tsit, sai in sami kaina zaune a ƙofar ɗakin nan da tukunyar ruwa a kan murhu, ina sauraro.

Ki gaida Alhaji Gwadabe da kyau, ki ce ina gode masa abin da ya yi wa ɗana wanda ban taɓa iya gode masa da baki ba. Ki gaida Safiyatu da maigidanta da 'yar tata, ki gaida A'i da Musbahu, ki ce su riƙe karatu tun ido yana gani. Khairiyya tana gaishe ki, ta ce a kawo mata doya. Ki ba direban da ya kawo miki takardar nan amsa, ran Talata yake dawowa. Allah ya jiƙan namu da suka riga mu, ya tsare waɗanda ke kan hanya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarki,
Hadijatu.